Yadda Za a Auna ko Sakandare Ta Shirya Ɗalibanta: A Fara Ƙirga Tun Daga SS1

Duk shekara idan sakamakon WAEC ko NECO ya fito, sai ka ga an rataya ƙyalle a ƙofar makaranta: ɗalibanmu kashi 95 cikin ɗari sun ci. Iyaye su gani su kawo 'ya'yansu, ma'aikatar ilimi ta gani ta yaba. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, kashi 95 na su wa? Na yaran da suka shigo SS1 shekara uku da suka wuce, ko na waɗanda aka tace aka bari suka shiga zauren jarrabawa? Kuma da suka fita ƙofar nan, ina suka nufa?

Wannan bayani na shugabannin makarantu ne, da jami'an jarrabawa, da ƙungiyar iyaye da malamai, da tsofaffin ɗalibai masu son sanin ainihin halin da makarantarsu take ciki. Kayan aikin ba su da yawa: littafin rajista, waya da kuɗin kira, malamai huɗu ko biyar, sai haƙurin bibiya.

Jerin sunaye shi ne tushen komai

A ɗauko rajistar zangon farko na SS1, a kwafe sunan kowane ɗalibi a littafi guda ko a kwamfuta, kowa da layinsa da lambarsa. Wannan jerin shi ne ayarin da za a bi har ƙarshe. Abu biyu kaɗai ke taɓa adadinsa. Na farko, wanda ya shigo daga wata makaranta a SS1 ko SS2, a ƙara shi. Na biyu, wanda ya koma wata makaranta kuma akwai takardar shaida, ko wanda Allah ya yi wa rasuwa, a cire shi. Wanda ya daina zuwa, da wadda aka yi wa aure ta zauna, da wanda ya tafi ci-rani bai dawo ba, da wanda ya maimaita aji, duk suna nan cikin lissafi. “An ce ya koma garinsu” ba shaida ba ce. In babu takarda ko lambar wayar makarantar da ya koma, a rubuta shi cikin waɗanda suka bar karatu.

Haka ake yi a Amurka. Tun shekarar karatu ta 2010/2011 jihohinsu ke bayar da rahoto da ma'auni guda: a ƙirga waɗanda suka shiga aji 9, wato ajin farko na babbar sakandarensu, a ƙara masu shigowa, a cire waɗanda aka tabbatar sun koma wani wuri, sannan a ga nawa suka kammala cikin shekara huɗu. Kafin haka kowace jiha da irin lissafinta, kuma da yawa daga cikin lissafin yana ɓoye waɗanda suka zube a hanya.

Ga misali don a ga bambancin. A ce yara 210 suka shiga SS1. Sha takwas suka koma wasu makarantu da takarda, takwas suka shigo. Ayarin ya zama 200. Da aka zo SS3, 120 ne suka zauna jarrabawa, 96 suka sami kiredit biyar da Turanci da Lissafi. Wanda ya raba 96 da 120 zai ce kashi 80. Wanda ya raba 96 da 200 zai ce kashi 48. Duka biyun lissafi ne daidai, amma na biyun ne ke gaya wa uba abin da ke jiran ɗansa in ya kawo shi SS1. Yara 80 ɗin da suka ɓace tsakanin ƙofar shiga da zauren jarrabawa, a nan gizo ke saƙa.

A kula da abubuwa biyu masu gurɓata adadin. Akwai makarantun da ke hana raunanan ɗalibai rajista don kada su ɓata musu suna, a ce musu su je su yi ta waje. Akwai kuma jihohi irin Kano da ke yin jarrabawar share fage a SS2, wadda da ita ake tantance waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin jarrabawar ƙarshe. Wanda bai tsallake ba kuma gidansu babu hali, sau da yawa nan karatunsa ke tsayawa. Dole a rubuta adadinsu daban. Sannan akwai baƙi, waɗanda ba su taɓa zama a aji ba, sai lokacin rajista su ɓullo da kayan makaranta sabbi fil. Waɗannan a fitar da su gaba ɗaya. Ko sun ci ko sun faɗi, ba aikin malaman makarantar ba ne.

Kiredit biyar, amma waɗanne?

A WAEC da NECO, daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 ci ne wanda ba ya buɗe ƙofar jami'a, F9 kuma faɗuwa. Sharaɗin da aka daɗe ana bi, wanda har yanzu yake aiki a fannonin kimiyya, shi ne kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. A haɗa da sakamakon NABTEB ga makarantun fasaha, da na NBAIS ga makarantun Arabiyya da Islamiyya, domin su ma takardu ne da ake karɓa.

Sai dai ƙirga kiredit biyar kawai bai isa ba. A buɗe wani gurbi a gaban sunan kowane ɗalibi a rubuta abin da yake son karantawa, sannan a duba kundin JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, a ga ko kiredit ɗinsa sun dace. Mai son likitanci yana buƙatar Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da dama a zama ɗaya suke so. Mai son injiniyanci ba shi da mafita sai da Fiziks da Kemistiri. Mai son aikin lauya yana buƙatar Adabin Turanci. Yaron ajin kimiyya da ya sami kiredit bakwai amma ya tashi da D7 a Kemistiri, a ƙyallen bakin ƙofa ya ci, a wurin neman gurbi kuwa hannunsa wayam. Saboda haka a fitar da adadi biyu: masu kiredit biyar, da masu kiredit biyar da suka dace da fannin da suka zaɓa. Tazarar da ke tsakani takan nuna darasi guda ne ke karya yaran, kuma galibi in an bincika sai a tarar babu malamin darasin, ko ɗakin gwaji a kulle yake sai ana gobe jarrabawa.

Kada a yanke wa makaranta hukunci da sakamakon shekara guda. A 2024 kashi 72.12 na masu WAEC ne suka sami kiredit biyar da Turanci da Lissafi. A 2025 da farko an sanar da kashi 38.32, bayan kwanaki hukumar ta ce an sami kuskure wajen maki, adadin ya koma kashi 62.96. In adadin ƙasa baki ɗaya yana irin wannan tsalle, na makaranta guda ya fi. A jera shekara uku, kuma kowace shekara a ajiye adadin makaranta kusa da na ƙasa.

Gwada sakamako da sakamako

Batun satar amsa ba ya ɓoyuwa, kuma duk awon da bai lura da shi ba aikin banza ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye sakamako uku na ɗalibi guda a jere: na gwajin da makaranta ta yi kafin jarrabawa, na WAEC ko NECO, da makin JAMB.

Jarrabawar JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga darussa ukun da suka rage, jimillar maki 400. Tun 2015 a kwamfuta ake yin ta baki ɗaya, a cibiyar da ba ta makarantar ba, don haka taimakon malami ba ya isa can cikin sauƙi. Ba ta da sauƙi: a sakamakon farko da aka fitar a 2025, sama da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu ba su kai 200 ba. Ɗalibi ɗaya na iya samun A1 a Lissafi ya tashi da 140 a JAMB saboda rashin lafiya ko kwamfuta ta ba shi matsala. Amma in rabin aji ne ke da A da B, kuma yawancinsu ba su haura 160 ba, to takardun nan ba su faɗi gaskiya ba. Haka in kowa a aji ya sami B3 a darasi ɗaya, gwani da rago babu bambanci.

Wajen rubuta makin JAMB, a bar ɗauko na zakaran aji a yi ado da shi. A jera makin kowa daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya. Sannan a kasa su huɗu: ƙasa da 150, daga 150 zuwa 199, daga 200 zuwa 249, sai 250 zuwa sama. An zaɓi 150 ne domin shi ne mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka amince da shi a 2025, yayin da na foliteknik da kwalejojin ilimi yake 100. Iyakar tana canzawa, don haka a duba ta kowace shekara. A kuma rubuta nawa ne cikin ayarin suka yi rajistar JAMB tun farko. In masu kiredit 96 ne amma 50 kaɗai suka yi rajista, a bi sauran 46 a ji dalili. Wani kuɗin fam ne, wani lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ce ta tsaya masa domin tun 2021 ba a rajista sai da ita, wani kuma sunan da ke NIN ɗinsa ya saɓa da na takardar WAEC. Duk waɗannan abubuwa ne da makaranta za ta iya gyarawa tun yaro yana SS2.

Bayan sun fita ƙofa

Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Wannan sashen ya fi kowanne wahala, kuma shi ne aka fi gudu, alhali shi kaɗai ke amsa tambayar da aka faro da ita.

Shirin yana farawa ne kafin takardar ƙarshe, domin ranar da aka gama jarrabawa yara sun watse ke nan. A karɓi lambar waya uku daga kowane ɗalibi: tasa in yana da ita, ta uba ko uwa, da ta wani ɗan'uwa ko maƙwabci da ba ya yawan canja layi. A rubuta unguwa da sunan da aka fi sanin gidan da shi. A gaya wa ɗalibai da iyaye ƙarara cewa za a kira, ga dalili, kuma ba za a bai wa kowa lambar ba. A zaɓi mutum biyu daga kowane aji, namiji da mace in makarantar a haɗe take, waɗanda suka san labarin kowa. Su ne za su nemo wanda wayarsa ta daina shiga.

A kira sau biyu: bayan wata 12, da bayan wata 24. Kiran wata shida ba ya nuna komai, domin a lokacin yawancin jami'o'i ba su gama fitar da sunaye ba, kuma kalandar karatu takan goce. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ga kuma ɗimbin yaran da sai a zama na biyu suke samun gurbi.

Tambayoyin kada su wuce biyar, don kiran ya tsaya a minti biyar. Me kake yi yanzu? In karatu ne, a ina, wane fanni, aji nawa? In aiki ne ko sana'a, wace iri, kuma a ina ka koye ta? Abin da kake samu yana ɗauke maka buƙatunka? Me kake ganin da an koya maka a makaranta da ya taimake ka? Ayari mai mutum 200 zai ci kusan awa 17 na magana. In aka raba wa malamai biyar, kowa mutum 40. A ninka lokacin biyu saboda layin da ba ya shiga. Malama ta kira 'yan mata, kuma ta fara da gaida iyaye ko maigida kafin a ba ta yarinyar. Malamin da yara suka saba da shi ya fi samun amsa a kan baƙuwar murya, sai dai kada a ba shi ajin da za a auna aikinsa da sakamakon kiran.

Kowa a sa shi a gida ɗaya daga cikin waɗannan: jami'a, foliteknik, kwalejin ilimi, makarantar jinya ko ta kiwon lafiya, karatun share fage irin IJMB, koyon sana'a a hannun maigida, aikin albashi, haɗe da aikin ɗamara, sana'ar kansa, kasuwanci ko noma, mai jiran sake jarrabawa, wanda ba ya komai, sai wanda ba a same shi ba. Aure ba gida ba ne a wannan jerin. Matar aure na iya zama ɗalibar kwaleji, ko mai ɗinki a cikin gida, ko zaune, kuma abin da ake son sani ke nan.

Wanda ya ce ya sami gurbi, a nemi ya turo hoton takardar shaidar JAMB ko katin makaranta. Tun 2017 ta manhajar JAMB mai suna CAPS ake bayar da gurbi, kuma wanda aka ɗauka ta bayan fage yakan gamu da cikas lokacin tafiya hidimar ƙasa. A kira na biyu a tambayi ko yana nan ko an sallame shi, da matsakaicin makinsa na shekarar farko. Wannan shi ne awon da ya fi kowanne nauyi. Makarantar da ta tura yara 30 jami'a aka koro goma a aji ɗaya ba ta shirya su ba, ta dai tsallakar da su.

Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne jefar da waɗanda ba a samu ba. Wanda ya sami jami'a da murna yake ɗaga waya, wanda ke zaune a gida shi ke kashe ta. In mutum 90 kawai aka samu cikin 200, sakamakon zai yi kyau fiye da gaskiya. A yi ƙoƙari a kai aƙalla kashi 75, kuma a rubuta adadin waɗanda ba a samu ba a fili. In ayarin ya yi yawa, a ɗauki kowane suna na uku a rajista, a bi waɗannan har gida in ta kama. Samun mutum 60 cikin 67 da aka zaɓa haka ya fi samun 100 da suka kawo kansu.

Ɓangaren sana'a

Tun 2011 aka sa darussan sana'a a manhajar babbar sakandare, amma a wurare da yawa a allo ake koyar da su. Yarinya ta sami B2 a ɗinki ba ta taɓa taka keke ba. Don haka takarda ba ta wadatar a nan, sai gwaji da hannu.

A zangon biyu na SS3 a gayyato masu sana'ar daga gari, biyu a kowane fanni: tela, kafinta, mai gyaran waya, mai haɗa sola, mai kiwon kaji. A ba ɗalibi aiki guda na awa ɗaya ko biyu, misali ya auna ya yanka ya ɗinka wandon yaro, ko ya haɗa ƙwan lantarki biyu da makunni. Maki huɗu ne: sifili in bai iya farawa ba, ɗaya in sai an riƙe masa hannu, biyu in ya gama amma da gyara, uku in aikin zai sayu a kasuwa. Kowane alƙali ya rubuta nasa ba tare da ganin na ɗan'uwansa ba. A ƙarshe a yi musu tambaya guda: za ka ɗauki yaron nan a shagonka?

A nan akwai adalcin da dole a yi. Yaranmu da yawa daga makaranta kasuwa suke wucewa ko gareji, tun suna firamare. Wanda ya iya gyaran babur a wurin kawunsa, ba makaranta za a yaba wa ba. Shi ya sa tambayar “a ina ka koya?” ba ta tsallakuwa. Game da kuɗin shiga kuwa, mutane ba sa son faɗin adadi, kuma suna da gaskiya. A tambaya ko abin da yake samu a wata ya kai mafi ƙarancin albashi, wato naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, ko bai kai ba.

A haɗa da ɗan gwaji na minti 40 ga kowa da kowa, ɗan kimiyya da ɗan kasuwanci: ya rubuta takardar neman aiki mai shafi ɗaya, ya cike fam a kwamfuta shi kaɗai, ya lissafa riba daga kuɗin saye da na mota da na sayarwa, ya karanta takardar magani ya faɗi sau nawa ake sha a rana. Abin takaici ne yawan masu kiredit a Turanci da wannan gwaji ke tona wa asiri, amma gara a gani da sauran wata huɗu a hannu.

Kada a haɗa doki da jaki tsere

Makarantun kimiyya irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da jarrabawa suke zaɓen ɗalibansu. Makarantar jeka-ka-dawo ta ƙauye duk wanda ya zo nata ne. In aka jera su a teburi guda da adadin kiredit, an zalunci ta biyun, kuma ba a san ko ta farkon ta ƙara wa yaranta wani abu ba. A Ingila saboda haka ne a 2016 suka fara amfani da ma'aunin da ke kwatanta sakamakon yaro a darussa takwas yana ɗan shekara 16 da na sauran yaran da suka yi daidai da shi a ƙarshen firamare.

Ana iya yin ƙaramin irinsa. A mako biyun farko na SS1 a yi gwajin shiga, tambaya 40 na karatu da fahimtar Turanci, 40 na Lissafin ƙaramar sakandare. Sakamakon jarrabawar JS3 shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, domin a wurare da yawa kusan kowa ke wucewa. A kasa yaran uku: na sama, na tsakiya, na ƙasa. Bayan shekara uku a duba kowane kaso daban. Makarantar da ta fitar da masu kiredit goma daga kason ƙasa mai mutum 60 ta yi aikin da ya cancanci yabo, ko da jimillarta ba ta burge kowa ba. In makarantu biyar ko shida na yanki guda suka yarda da takardar gwaji ɗaya, kwatancen sai ya ƙara inganci.

A kuma tuna samun gurbi ba ƙoƙarin makaranta kaɗai ba ne. A jami'o'in tarayya kashi 45 ne na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Ga halin aljihun iyaye. Shi ya sa ake rubuta “ya cancanta” daban da “ya shiga”.

Rahoton ƙarshe shafi ɗaya ya ishe shi. A sama adadin ayari, ƙarƙashinsa waɗanda suka kai SS3, suka zauna jarrabawa, suka sami kiredit da suka dace, suka yi JAMB, suka shiga, suke nan bayan wata 24, da masu sana'ar da ke riƙe da su. Kowane layi a raba shi da adadin ayarin farko, a ware maza da mata, a ware ajin kimiyya da sauran. In kaso bai kai mutum 30 ba, a rubuta adadi tsura, “7 cikin 19”, kada a mayar da shi kashi cikin ɗari. Ba a sa sunan ɗalibi ko ɗaya. A karanta shi a taron iyaye da malamai, a nemo layin da adadi ya fi faɗuwa, a ɗora aikin shekara mai zuwa a kansa. In tsakanin SS2 da SS3 ne 'yan mata ke zubewa, maganar ta iyaye ce da asusun kuɗin jarrabawa. In a Lissafi ne, a nemi malami tun kafin a koma hutu, sannan a buɗe sabon shafi ga 'yan SS1 da za su shigo.